Kaburbura Biyu A Girku

A kudu da birnin Zariya, kimanin mil 40, akwai wani ƙaramin gari wai shi Girku. Ba ya cikin manyan garuruwan Zazzau, amma a nan aka binne waɗansu samarin Turawa guda biyu, ɗaya cikin 1894, ɗaya cikin 1900. Ba su san juna ba, ba ƙungiya ɗaya ta aiko su ba, ba kuwa fatauci ko yaƙi ya kawo su ba. Dukansu 'yan mishan ne, watau masu yawon wa'azin addinin Kirista. Na farko iyakarsa Zariya. Na biyu ya kai Kano, amma bai daɗe ba aka fitar da shi. Wanda ya san abin da ya kai su Girku, ya san yadda aikin mishan ya fara a ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa ya sake hanya daga baya.

A Bakin Teku

Kafin 1890 'yan mishan sun riga sun yi kusan shekara 50 a kudancin ƙasar da a ke kira Nijeriya yanzu. Sun sauka Badagiri cikin 1842, Abekuta da Kalaba cikin 1846, Anaca cikin 1857. A waɗannan wurare sun gina majami'u da makarantu, sun sami mabiya, jirgin ruwa yana kawo musu wasiƙu da guzuri daga Ingila. In ciwo ya tsananta wa mutum, sai a sa shi jirgi a mai da shi gida. Zama ya yi daɗi gwargwado, har yawancinsu ba su ga dalilin ƙara gaba ba.

Can arewa kuwa akwai ƙasar da Turawan wannan zamani su ke kira Sudan. Ba Sudan ta Hartum kaɗai su ke nufi ba. Daga Larabci suka aro sunan, suna nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Hamada, tun daga Sanagal har Kogin Nilu, ƙasar Hausa da Barno na tsakiya.

Abu uku ya tsare musu hanyar wannan ƙasa. Na fari zazzaɓi. Cikin 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 cikin 'yan watanni. Cikin 1854 Likita Baikie ya nuna in ana shan kwinin kullum a kan tsira, amma ba a gane sauro ne ke kawo cutar ba sai 1897. Na biyu wuyar hanya. Babu jirgin ƙasa, babu mota, daga Ikko zuwa Kano tafiyar watanni ce a ƙasa, 'yan alaro na ɗauke da kaya, ga koguna, ga mahara. Na uku, shi ne kuwa babba, mutanen ƙasar suna da addininsu, da malamansu, da alkalansu, da littattafansu, suna ƙarƙashin tutar Sarkin Musulmi tun jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Ba su aika wa kowa ya zo ya koya musu addini ba.

Akwai mutum ɗaya da ya san yadda a ke shiga wurin sarakunan nan, shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther. Bayarabe ne, an kama shi bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku cikin 1822, aka kai shi Saliyo, ya yi karatu har ya zama bishop cikin 1864. Ya kan tafi Bida ya gai da Sarkin Nufe Masaba, ya kai gaisuwa, ya nemi izni kafin ya kafa kome, ba ya kuwa aibata addinin mai masaukinsa. Da haka ya sami wurin zama a Lakwaja da waɗansu garuruwan bakin Kwara. Amma samarin da suka taso a Ingila daga baya sai suka ga tafiyar tsohon ta cika nawa.

Masu Rawani A Lakwaja

Cikin 1890 ƙungiyar C.M.S., wadda ta ke ta majami'ar Ingila, ta aiko da waɗansu samari Lakwaja don su shirya shiga ƙasar Hausa. Shugabanninsu biyu ne, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Shi Brooke ya riga ya gwada shiga Sudan ta Aljeriya, da ta Sanagal, da ta Kwango, duk bai sami hanya ba. Robinson kuwa malami ne daga Jami'ar Kambirij, ya himmatu ga koyon Hausa da juya Linjila.

Waɗannan mutane sun yi abin da Turawan bakin teku suka yi mamakinsa. Suka tuɓe tufafin Turai, suka sa riga da wando da rawani, suna cin abincin ƙasa, suna zama a tabarma. Har wa yau Brooke ya ce ba ya son Gwamnatin Ingila ta tsare shi, in an kama shi ko an kashe shi kada a aiko da soja don fansa. Hujjarsa ita ce, wanda ya bar addinin iyayensa saboda wa'azinsa ya sayar da ransa, don haka bai kamata shi mai wa'azin ya ɓuya bayan tuta ba.

Ba mai musun ƙarfin zuciyarsu, amma sun yi babban kuskure. Suka raina ma'aikatan Crowther baƙar fata, waɗanda suka shekara da shekaru a bakin kogin, suka sa aka kori da yawa daga cikinsu. Tsohon ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya rasu a Ikko ranar ƙarshe ta 1891. Ashe sun mance da ɗan gari a kan ci gari. Robinson ya mutu a Lakwaja cikin 1891, Brooke ya bi shi cikin Maris 1892 da irin zazzaɓin nan mai sa fitsari ya yi baƙi. Ba wanda ya taka ƙasar Hausa a cikinsu.

Kabari Na Farko

Mutuwar Brooke ba ta sa samarin Turai sun karaya ba, sai ma ta zuga waɗansu. A birnin Toronto na ƙasar Kanada akwai wani saurayi, Walter Gowans, wanda ya ƙulla niyyar zuwa Sudan. Ya bi ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila ɗaya ɗaya, kowacce ta ce ba ta da kuɗin wannan aiki, ba za ta kuwa aika da mutum ga halaka ba. Sai ya ce zai tafi ko ba mai aikensa. Uwarsa, Margaret Gowans, ita ce ta ba wani saurayi, Rowland Bingham, labarin Sudan har shi ma ya ɗaura aniya. Na ukunsu Thomas Kent ne, daga birnin Buffalo na Amurka. Duk cikinsu ba wanda ya kai shekara 30.

Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba 1893. Ba albashi, ba ƙungiya a bayansu, ba su kuwa jin Hausa. Shugaban mishan na Metodis da ke Ikko ya gaya musu ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, watakila dai jikokinsu. Ba da mugunta ya faɗi haka ba, ya binne Turawa da yawa ne. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka shirya ya tsaya Ikko ya riƙa aika musu da guzuri, su biyu su wuce gaba.

Gowans da Kent suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka isa Bida. Da guzuri ya ƙare sai Kent ya juya Ikko don ya ƙaro, Gowans ya yi arewa shi kaɗai da 'yan rakiyarsa. A hanya atuni ya kama shi. Yana kwance a wani gari sai rundunar Sarkin Sudan na Kontagora ta kewaye garin, aka ci shi, aka kwashe mutane, kayan da Gowans ke sayen abinci da su suka salwanta. Da aka sake shi ya ja jiki har Zariya. A nan ya tarad da waɗansu Turawa masu binciken harshen Hausa, shugabansu Charles Robinson, ɗan'uwan wanda ya mutu a Lakwaja. Da suka ga yadda ya rame suka ba shi shawara ya koma bakin teku. Ya kama hanya, amma ƙarfinsa bai wuce Girku ba. A nan ya cika cikin Nuwamba 1894, 'yan rakiyarsa suka binne shi. Kent kuma, yana komowa da guzurin, zazzaɓi ya kashe shi a Bida cikin Disamba, bai ko ji labarin abokinsa ba.

Bingham ya koma Kanada cikin 1895, ya kai wa Margaret Gowans 'yan kayan ɗanta. Ta ce masa gara ɗanta ya mutu can shi kaɗai, da ya zauna gida ya saɓa wa Ubangijinsa. Cikin 1900 Bingham ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kwantar da shi a Ikko, aka ɗauke shi aka sa a jirgi. Shekara bakwai ke nan, ba abin da ya samu sai kaburbura biyu, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida.

Tafiya Kano

Ita C.M.S. ta ɗan koyi darasi daga abin da ya faru a Lakwaja. Kafin ta sake aikawa, sai ta tura samari uku Turabulus su koyi Hausa. A wannan zamani akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai da 'yantattun bayi, gama ayarin raƙuma na kai da kawowa tsakanin Turabulus da Kano. Samarin su ne A. E. Richardson, da Dudley Ryder, da Likita Walter Miller, wanda Zagezagi suka sani da sunan Likita Mila. An haife shi cikin 1872, ya koyi likita a asibitin St. Bartholomew na Landan. A Turabulus ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ubansa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya zama abokin aikinsa daga baya.

Farkon 1900 suka tashi daga Ikko su biyar, watau su uku da wani J. R. Burgin, da shugabansu Bishop Herbert Tugwell. Suka haye Kwara a Jabba. Gwamna Lugga bai so su wuce inda sojansa ke iya tsaronsu ba, amma suka ci gaba. A Zariya Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau, ya ba su masauki. Da sun tsaya nan sun aika Kano sun jira amsa, da watakila labarin ya sake. Amma zuciyarsu na Kano, birnin da suka shekara suna jin labarinsa a bakin fatake. Cikin Afirilu 1900 suka shiga ƙofar birnin, ba tare da Sarki ya ba su izni ba.

Sarkin Kano Alu yana Fanisau, can aka kai su. Ya tambaye su ko sojoji ne, suka ce a'a. Ko fatake ne, suka ce a'a, su malamai ne da likita, sun zo su koyar, su kuma yi wa marasa lafiya magani. Sarki ya ce yana da malamai isassu, yana da Alkur'ani, ba ya bukatar nasu. Ya yi musu faɗa don sun shigo ƙasarsa ba sallama, ya ba su kwana uku su fita. Ba a taɓa lafiyarsu ba, ba a ƙwace kayansu ba, aka dai raka su suka bar birni.

Dalilin Sarki

Jaridun Ingila sun zargi Sarki Alu da girman kai, amma ya kamata a dubi abin da ke kewaye da shi a wannan shekara. Cikin 1897 sojan Kamfanin Neja sun ci Bida da Ilori. Cikin 1899 Faransawa sun shiga Damagaram. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce dukan Arewa ta shiga hannunsa, ba kuwa da shawarar sarakunanta ba. A cikin watan nan da baƙin suka shiga Kano, Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri. Shi kansa Alu da yaƙi ya hau gado, bayan Basasar Kano, yana da maƙiya ciki da waje. To, ga Turawa biyar sun shigo, suna jin Hausa, suna duban ganuwa da ƙofofi. Yaya zai bambanta mai Linjila da mai leƙen asiri? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a kuwa cika shekara uku ba, cikin Fabrairu 1903, sojan Lugga suka fasa ganuwar Kano.

Baƙin suka komo Zazzau, suka sauka Girku, garin da aka binne Gowans shekara shida da suka wuce. Damina ta kama. Atuni ya kama Ryder, Likita Mila ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ya mutu cikin Yuni 1900, aka binne shi a nan. Wannan shi ne kabari na biyu. Richardson ya yi ciwo aka mai da shi gida. Daga baya gidansu ya ƙone, Gwamna ya ce su janye zuwa Loko a bakin Binuwai.

Hasarar ba ta tsaya ga rai da gida ba. Lugga ya husata ƙwarai, yana ganin korar da aka yi wa Turawa a Kano ta zub da kwarjinin gwamnatinsa. Da ya ci Sakkwato cikin Maris 1903, ya yi alkawari gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba. Daga nan aka kafa ƙa'ida, ɗan mishan ba zai zauna ƙasar Sarki Musulmi ba sai da yardar Sarkin da ta Razdan. Gwamnonin da suka biyo baya suka ƙara tsananta ta. Garajen mako guda ya rufe ƙofar Kano har shekara 30 da ɗoriya.

Likita Mila A Zariya

Cikin su biyar ɗin, Likita Mila ne ya komo ya zauna. Ya dawo Zazzau cikin 1902. Cikin 'yan mishan da suka yi aiki tare da shi a waɗannan shekaru har da G. P. Bargery, wanda ya wallafa babban ƙamus na Hausa cikin 1934. Wannan karo Mila bai kutsa ba, ya jira. Cikin 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka ba shi izni ya zauna cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani, ya tara 'yan yara a gidansa yana koya musu karatun boko. Shekara 24 mishan ɗin ya yi cikin ganuwa, tsakanin malamai da masallatai. Hausarsa ta nuna har Hausawa na mamaki.

Zaman bai zama mai sauƙi ba, shi kansa kuwa ba mai sauƙin hali ba ne. Yana da kaifin harshe, ba ya ɓoye sukarsa ga sarakuna da Turawan mulki, har tsakaninsa da Sarki Aliyu ta yi tsami. Masu zuwa karɓar magani suna da yawa, masu karɓar addininsa kuwa ƙalilan ne. Mutanen Zariya suka riƙe addininsu, suka kuma bar baƙonsu ya zauna lafiya.

Cikin 1913 wani abu ya faru wanda bai zata ba. Waɗansu mutane suka zo wurinsa suka ce su Isawa ne. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya fito da ra'ayin da malaman birni suka ƙi, aka kashe shi zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka watse wajen Ningi da gabashin Zazzau, suna jiran wanda zai ƙara musu bayanin Isa. Da yawa daga cikinsu suka zama Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da makaranta da majami'a. Ashe wurin na da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawansu, aka kwaso sauran, galibi yara, aka kawo Zariya. A nan ya kamata a lura, ba baƙi kaɗai suka sayar da rai cikin wannan al'amari ba. Bature in ya jigata yana da gidan komawa. Bahaushen da ya bi shi ya kan rabu da dangi da gado da matar aure, ba shi kuwa da wata ƙasa da zai koma.

Cikin 1929 gwamnati ta sa mishan ya fita daga birni ya koma Wusasa, can bayan ganuwa. Aka gina majami'a da makaranta da asibiti. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Likita Mila ne ya ɗauki mafi yawan aikin juyawa, da taimakon Hausawan da ke tare da shi da 'yan waɗansu mishan. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, da Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya girma, gama ubansa mai wa'azi ne na C.M.S. Likita Mila ya rasu cikin 1952 a Bukuru kusa da Jos, bai ga abin da ya yi fata ba, watau ƙasar Hausa ta bi addininsa.

Ƙofar Da Kutare Suka Buɗe

Shi kuma Bingham bai fid da rai ba. A karo na uku ya aiko da mutum huɗu, suka kafa tasha a Fategi cikin ƙasar Nufe cikin 1902. Ƙungiyarsa, wadda aka sani da S.I.M., da ta ga ƙasashen sarakuna a rufe su ke, sai ta juya wajen kabilun da ba Musulmi ba, irin su Yagba, da Gwari, da Jaba, da Tangale. Nan ma ba wurin hutu ba ne, gama kowace kabila da harshenta, ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba, sai ɗan mishan ya shekara yana saurare kafin ya iya gaisuwa sosai. A waɗannan wurare ne suka sami jama'a mai yawa, har aka kafa majami'ar E.C.W.A. cikin 1954.

Hanyar shiga ƙasar Hausa kuwa ta fito ta inda ba a zata ba. A wannan zamani kuturta ta yi yawa a Arewa, ba a kuwa sami maganinta na sosai ba tukuna, sai allurar wani mai wadda ke da zafi, amfaninta kaɗan. Kuturu ya kan ƙare a bakin kasuwa yana bara. En'e ta kafa zangon kutare a wurare, amma an rasa ma'aikatan da za su yarda su zauna ciki. 'Yan mishan suka ce su za su zauna. Wajen 1937, da yardar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da Sarkin Musulmi Hasan, aka danƙa wa S.I.M. aikin kutare, suka riƙe Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Likitoci da masu jiyya, mata da maza, suka zauna suna wanke gyambon da dangin mai shi ke ƙyama. Cikin 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, cikin 1950 suka buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar.

Sarakunan nan ba su bar addininsu ba, sun kuma sa ido kan abin da a ke koya wa talakawansu a zangunan, har a kan sami saɓani a kan haka. Amma sun ga baƙin sun zo da abin da jama'a ke bukata, sun kuma nemi izni, sai suka ba su wuri. Bingham ya rayu har ya ga wannan, ya rasu cikin 1942. Maganar shugaban Metodis ba ta tabbata a kansa ba.

Abin Da Kaburburan Suka Nuna

Masu labarin mishan su kan yabi Gowans da Ryder don sun bar wurin da ke da daɗi sun tafi inda ba a san su ba. Sun cancanci yabon jaruntaka, ko a wurin wanda bai yarda da addininsu ba, gama mutum ba ya ba da ransa don abin da ya ɗauka wasa. Da ba su fara ba, da waɗanda suka biyo baya ba su sami sawun bi ba.

Amma jaruntaka kaɗai ba ta kafa kome ba. Brooke ya raina 'yan gari, bai wuce bakin Kwara ba. Gowans ya tafi ba harshe ba guzuri, ya kwanta a Girku. Tugwell ya shiga gidan Sarki ba sallama, aka rufe ƙofa a bayansa. Abin da ya tabbata ya fito ne daga hannun waɗanda suka ɗauki wata kasada wadda ta fi mutuwar farat ɗaya wuya, watau su zauna shekara da shekaru cikin mutanen da ba su gayyace su ba, su koyi harshensu, su bi umarnin masu ƙasa, su yi jiyyar marasa lafiyarsu, alhali sun san galibinsu ba za su taɓa bin su ba. Tun da fari haka Crowther ya yi, samari suka ce ya cika nawa. Sai da aka haƙa kaburbura a Lakwaja da Bida da Girku kafin a komo kan hanyarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.